Yadda ake gano dalilin jijjiga da misin a motar gudu idan an taka totur

Motar tana tsaye a gareji, silo lafiya lau, inji na tafiya sumul. A fita titi a taka totur don a wuce wata tirela, sai ta fara fizga, ta riƙa shaƙewa, kujera da sitiyari na kakkarwa, wani lokacin fitilar inji ta hau ƙiftawa. A ɗaga ƙafa, komai ya lafa. Irin wannan ciwo ya yi yawa a motocin gudu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, su Mustang, Camaro, Challenger, Nissan 370Z, BMW masu tobo da makamantansu, kuma shi ne ya fi cinye kuɗin mai mota a banza, domin ana neman sa a inda ba ya bayyana. Ciwon da ba ya fitowa sai inji ya ɗauki nauyi, ba a tsaye ake kama shi ba.

Abin da makanikai ke kira misin shi ne silinda ta zuƙi iska da fetur, fistin ya matse su, amma wuta ta ƙi kamawa ko ta kama rabi. Abu uku silinda ke buƙata: tartsatsi mai ƙarfi a kan lokaci, fetur da iska daidai gwargwado, da matsi. A silo iskar da ke shiga kaɗan ce, matsin cikin silinda ƙasa yake, don haka ko raunanan koyil (mai ba fulogi wuta) da tsohon fulogi za su iya tsallakar da tartsatsi, sau da yawa da ƙasa da bolt dubu 15. Da ka buɗe totur, silinda ta cika maƙil, iskar da aka matse ta fi wuyar ratsawa, buƙatar ta haura zuwa bolt dubu 25 ko 30, a injin tobo ma fiye. Wuta kuwa hanya mafi sauƙi take bi. Idan akwai tsaga a robar koyil ko layin gawayi a jikin farin fulogi, ta nan za ta zille zuwa jikin inji, ta bar silinda ba komai. Haka batun fetur: famfon da ya gaji zai ciyar da inji a silo, amma ya gaza lokacin da ake neman ninkin wannan man sau goma ko fiye.

Tabbatar inji ne, ba ƙafar mota ba

Kafin a taɓa fulogi ko ɗaya, a raba jijjigar inji da ta ƙafa. Sa giya a firi, mota a tsaye, ɗaga totur a hankali zuwa juyi 3,000 ka riƙe. Sannan a titi lura da abin da jijjigar ke bi. Idan gudun mota take bi, misali kullum tsakanin kilomita 90 zuwa 120 a awa ko da wace giya, kuma tana nan ko ka ɗaga ƙafa, to duba taya: balans, lanƙwasasshen rim, ko kumburi a jikin taya. Tayoyin waɗannan motoci sirara ne, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim. Idan kuwa tana zuwa ne da taki kawai, amma ƙarar salansa ba ta yanke ba kuma allurar juyin inji na hawa sumul, zargi gaɓar ciki ta shaf, ko a mota mai jan baya, robar tsakiya da faifan roba na doguwar shaf. Kujerar inji da ta fashe tana ba da bugu ɗaya mai ƙarfi lokacin taki da lokacin ɗaga ƙafa. Riƙe birki sosai, sa giya, ɗan taka kaɗan wani na kallon inji daga gefe, ba daga gaba ba, za a ga ya ɗaga fiye da kima. A giya otomatik akwai wata kakkarwa mai kama da hawa kan ƙananan tudun titi, tsakanin kilomita 50 zuwa 80 da taki mara nauyi, wadda daga kulochin cikin kwanbata take, wato abin da ke haɗa inji da giyar. Taɓa birki kaɗan da ƙafar hagu ba tare da sakin totur ba, idan ta ɓace nan take, galibi kulochin ne, ba misin ba.

Misin na gaskiya yana da alamarsa: ƙarfi na yankewa, salansa na tari ko harbi, kuma ya fi tsanani a babbar giya da ƙaramin juyi.

Tambayi mai motar abu huɗu, ka saurara da kyau. A ina ya sha mai na ƙarshe, kuma wane iri? An wanke injin kwanan nan? Ya ratsa ruwa? An taɓa ƙwaƙwalwar motar don ƙarin gudu? Masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi a kan inji suna cika ramukan fulogi da ruwa, motar ta fito fes tana misin. A damina kuma, wanda ya kutsa ambaliya a Kaneshie ko wajen Circle a Accra da mota mai bakin iska a ƙasa-ƙasa, labarinsa daban ne, za mu zo kansa.

Karanta sikana kafin a goge komai

Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Jona sikana, na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar mota, ka rubuta duk lambobin da ta nuna, har da waɗanda ba su kai ga kunna fitila ba. Kada ka bari yaron gareji ya cire kan batir ko ya goge kafin ka rubuta, domin tare da lambar akwai hoton yanayin da ƙwaƙwalwa ta adana a daƙiƙar da abin ya faru: juyin inji, nauyi, zafi, gudu. Wannan hoton shi zai gaya maka yadda za ka maimaita ciwon.

P0301 zuwa P0308 suna nuna silindar da ke misin, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0300 na nufin misin ɗin na yawo ko ya shafi da yawa. P0351 zuwa P0358 layin wutar koyil ne, P0201 zuwa P0208 layin wutar nozul, mai fesa fetur. P0171 da P0174 fetur ya yi ƙaranci a ɓangare na ɗaya ko na biyu, P0172 da P0175 ya yi yawa. P0087 matsin fetur ya faɗi, P0299 tobo ba ta kai iskar da ake so ba, P0016 lokacin karanshaf da kamshaf bai dace ba.

Daga nan hanya ta rabu. Silinda ɗaya tak: koyil, fulogi, nozul ko matsin wannan silindar. Ɓangare guda na injin V gaba ɗaya: abin da ɓangaren ya mallaka shi kaɗai, kamar sensar hayaƙinsa, kamshaf ɗinsa ko katalis ɗinsa, matatar hayaƙi da ke jikin salansa. Ko'ina da ko'ina: abin da duka suke tarayya a kai, wato man da ke tanki, famfo, sensar iska, ko fulogan da suka tsufa tare.

A nan ake yawan yin kuskure mai tsada: lissafin silinda ba iri ɗaya ba ne. A V8 na Mustang, 1 zuwa 4 suna gefen fasinja, 5 zuwa 8 gefen direba. A V8 na Camaro da Corvette, 1, 3, 5, 7 suna gefen direba, 2, 4, 6, 8 gefen fasinja. A V6 na 350Z da 370Z, 1, 3, 5 suna dama, wato gefen fasinja a motocinmu masu sitiyarin hagu. A injin BMW mai silinda shida a jere ana fara ƙirga daga gaba. Wanda ya ɗauki lissafin Ford ya kai kan Chevrolet zai canza koyil mai lafiya ya bar mara lafiya.

Fitilar inji idan tana ƙiftawa, ba kamawa kawai ba, tana cewa ɗanyen fetur na zuba cikin katalis yana ƙonewa a can. A sassauta ƙafa nan take. Mintuna kaɗan na taki a haka sun isa su narkar da saƙar cikinsa.

Fita da ita titi

Mutum biyu ake so, ɗaya na tuƙi, ɗaya riƙe da sikana. Ba gudu ake nema ba, nauyi ake nema. Bari inji ya yi zafi, sa giya ta huɗu ko ta biyar da hannu, juyi tsakanin 1,500 da 2,000, sannan taka totur zuwa kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa biyar ko shida. Hawa ya fi miƙaƙƙen titi. Hawan Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase yana fito da irin wannan ciwo ba tare da an keta dokar gudu ba, sai dai a zaɓi lokacin da babu cunkoso da masu motsa jiki a gefen hanya. Kada a maimaita fiye da sau uku ko huɗu, musamman a injin tobo, domin taki mai nauyi a ƙaramin juyi da mai mara kyau yana iya fasa fistin.

Mai riƙe da sikana ya sa ido kan ƙirgen misin na kowace silinda, wanda a sikanoni da yawa yake ƙarƙashin Mode 6, da STFT da LTFT (gyaran adadin fetur, za mu zo kansu), da matsin fetur da ake nema da wanda ake samu, da yawan digirin da ƙwaƙwalwa ke ja da wuta baya saboda ƙwanƙwasa. Sikana mai iya naɗa ta fi, a dawo gareji a duba a natse.

Koyil da fulogi

Nan ne mafi yawan ciwon yake, kuma gwajinsa ba ya cin ko sidi ɗaya. A ce sikana ta nuna P0303. Kashe inji, bari ya huce. Ɗauke koyil na silinda 3 ka kai 1, ɗauke fulogin 3 ka kai 5, ka yi wa kowanne alama da fenti. Goge lambobin, koma hawan da ka yi gwaji. Idan ta dawo P0301, koyil ne. P0305, fulogi ne. Idan ta tsaya a P0303, wuta ta fita daga zargi, saura nozul, waya da matsi. Fita ɗaya ta amsa tambaya biyu.

Kafin ka kwance fulogi, haska tocila cikin ramin. Baƙin mai a ciki yana nufin gaskit ɗin murfin bawul ya saki. Man yana kumbura robar koyil ya ba wuta hanyar gudu, kuma sabon koyil ma zai mutu idan ba a canza gaskit ba. Ruwa ko tsatsa aikin wanki ne. Tsotse ruwan, hura iska ta fitar da yashi, sannan ka kwance, don kada ƙasa ta faɗa silinda. Kan injin waɗannan motoci alminiyom ne, kwance fulogi da zafi yana cinye zare.

Jera fulogan bisa lambar silinda ka karanta su. Launin toka ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙin gawayi busasshe: mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙe da fetur: silindar ba ta kamawa sam. Jiƙe da baƙin mai: zoben fistin ko robar bawul. Fari fat da ƙuraje: zafi ya yi yawa, mai ya yi ƙaranci, kuma wannan haɗari ne ga fistin. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran na da datti: ruwan lagireto na shiga wannan silindar. Sai ja ko ruwan bulo, wanda masu gyara a Accra suka san shi sarai. Wannan launi alamar sinadarin manganis ne da ake zubawa a fetur don ɗaga oktan, wato ƙarfin mai na jure matsi. A ƙarshen 2023 masu motoci a Ghana sun koka sosai kan fizga da mutuwar fulogi da wuri, hukumar NPA mai kula da harkar man fetur ta danganta abin da yawan manganis a man, kuma injinan tobo ne suka fi jin jiki. Dattin yana taruwa a bakin fulogi, idan ya yi zafi sai ya zama hanyar da wuta ke bi ta kauce wa tsallake. Shi ya sa motar ke yin lafiya da sanyin safiya, ta rikice bayan an taka. Goge irin wannan fulogi da buroshi ba ya daɗewa. A canza, a kuma sauya inda ake shan mai.

Duba farin jikin fulogi na sama. Siririn baƙin layi a tsaye, kamar an ja da fensir, wanda farce ba ya kankarewa, sawun wuta ne. Idan ka gan shi, akwai ɗan'uwansa a cikin robar koyil. Canza su tare, in ba haka ba tsohuwar roba za ta zana wa sabon fulogi layin cikin makonni.

Auna tazarar baki da ma'auni, ba da ido ba. Injinan da ba tobo yawanci milimita 1.0 zuwa 1.1 suke so, wasu V8 na Amurka sun ɗan fi haka, masu tobo kuwa 0.6 zuwa 0.8. Littafin motar ne alƙali. Fulogin tobo da ya cinye ya kai milimita 1.0 zai yi silo lafiya, ya mutu da zarar tobo ta cika. Idan an ƙara wa motar ƙarfi a ƙwaƙwalwa, sau da yawa sai an matse tazarar ƙasa da ta kamfani an kuma sa fulogi mai saurin sanyi da mataki ɗaya. Tsinin iridiyom siriri ne, milimita 0.4 zuwa 0.6, kada a danna shi da ƙarfe. Ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa.

Jabun fulogi sun cika kasuwa, kwali mai kyau da suna babba. Idan za ka saya a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, tafi da tsohon na asali da mitar awon wuta. Tsinin jabu ya fi kauri, rubutunsa kan goge, wankin ƙarfensa ba ya sheƙi ɗaya, kuma idan ka auna daga kai zuwa tsini, na kirki kan ba da kusan om dubu 5, guda shida ko takwas ɗin kusa da juna. Waɗanda ɗaya ya ba dubu 1 wani dubu 12, a mayar. Fulogi ba abin saye na hannu ba ne. Koyil homyus, wato na hannu daga waje, na asali kuwa, a ganinmu, ya fi sabo mara suna, muddin robarsa ba ta tsage ba kuma an yarda ka dawo da shi idan ya faɗi gwajin hawa.

Wajen ɗaurawa, fara da hannu har ya zauna, sannan sifana mai awo. Zaren milimita 14 a kan alminiyom kusan Nm 25 zuwa 30, zaren milimita 12 kusan 15 zuwa 20, sai in littafi ya faɗi wani abu. Kada a shafa giris a zaren fulogi mai rufin ƙarfe, yana sa a wuce ƙima. A canza duka a lokaci ɗaya, kuma mai Challenger ko Charger mai injin Hemi ya sani fulogi 16 zai saya, biyu a kowace silinda.

Tsohon gwajin nan na kwantar da fulogi a jikin inji a ga tartsatsi ba ya nuna komai a wannan ciwo, domin a sarari babu matsi. Idan za a gwada koyil a waje, a yi da ma'aunin tartsatsi mai buɗewa, a ga ya tsallake milimita 10 zuwa 15 da shuɗiyar wuta ba yankewa. Kuma a daina zare koyil inji na tafiya don a ji wace silinda ce. Yana kashe koyil, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, fetur kuma na ci gaba da zuba a katalis. Soket ɗin nozul ake cirewa, ko a kashe silindar daga sikana.

Fetur

Fara da abin da ke rubuce a murfin tanki. Motar Amurka da aka rubuta mata 91 ko 93, lissafin Amurka ne, ba namu ba. Gidajen mai a Ghana da wani ma'aunin oktan, RON, suke lissafi. 87 na Amurka ya yi daidai da kusan RON 91, 91 nasu kusan RON 95, 93 nasu kusan RON 98. Mai mota ya ga 91 a murfi, ya ga 91 a famfo, ya ɗauka sun dace, alhali ya ba ta mai mafi ƙasa. Inji mai matsi sosai zai fara ƙwanƙwasa, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya don kare fistin, ƙarfi ya riƙa zuwa yana komawa kamar misin, musamman da rana tsaka a cunkoson Accra lokacin da iskar da ke shiga ta yi zafi. Idan sikana ta nuna ana ja da wuta baya digiri 5 ko fiye a kowane taki, a bar tankin ya yi ƙasa, a cika da RON 95, a sake gwaji kafin a sayi komai. Motar da aka yi wa saitin ƙarin gudu a kan 93 na Amurka, a mayar da ita saitin kamfani.

Zuba ɗan man tankin a kwalba mai haske, ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa da layi bayyananne. Idan akwai, a sauke tanki a wanke, maganin kwalba ba zai kwashe shi ba.

Yanzu STFT da LTFT. Su ne gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa adadin fetur. A haɗa su biyu. Tsakanin ragi 10 da ƙari 10 cikin ɗari ba damuwa. Idan ƙarin ya haura a silo amma ya sauko a juyi 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma ba ita ce ke kawo misin na taki ba a injin da ba tobo. Idan a silo daidai ne amma yana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, mai ne ba ya isa, ko sensar iska na ƙirga ƙasa da gaskiya.

A injin da nozul ke fesawa a bayan bawul, matsin layi yawanci bar 3 zuwa 4 ne (bar ma'aunin matsi ne). Jona geji, ka ɗaure shi inda na kusa da direba zai gani, ku hau tudu. Allura ta tsaya cak lokacin taki. Idan ta zube da rabin bar ko fiye, duba matatar mai, ragar bakin famfo, sannan wutar da ke isa famfon, domin soket da ya ƙone ko rile mai rauni na rage masa ƙarfi alhali shi lafiyarsa ƙalau. Auna wutar a soket ɗin famfo yana aiki, ta kusanci ta batir, wadda ita kuma ya kamata ta kasance 13.5 zuwa 14.7 inji na tafiya.

Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda famfo biyu gare shi: na tanki, da na matsi mai ƙarfi a kan inji wanda ke kai bar 150 zuwa 200, a sababbi har 350. Wannan layi ba a sassauta shi inji na tafiya ko da zafi, man na iya huda fata. Da sikana ake gwada shi: matsin da ake nema da wanda ake samu su tafi tare. Idan na biyun ya faɗi a taki, duba na tanki tukuna, domin famfon sama ba ya matsa abin da bai samu ba.

Nozul ɗaya da ya toshe rabi yana ba da misin a silinda ɗaya da fulogi fari. Dogon sukudireba a jikinsa, kunne a kan mariƙi, za ka ji ƙyas-ƙyas a jere. Irin na bayan bawul kan auna om 11 zuwa 16, duka kusa da juna. Sauya masa wuri da na wata silinda kamar yadda aka yi wa koyil, da sababbin robobi. Na fesa kai tsaye kuwa duk cirewa sai sabon zoben bakinsa, kuma a wasu BMW sai an shigar da lambar nozul a ƙwaƙwalwa, don haka ba a yi masa sauyin gwaji sai sauran hanyoyi sun ƙare.

Iska

Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe matatar iska da wuri fiye da abin da littafi ya tsara. Ɗaga ta ga rana, idan haske ba ya ratsawa, canza. Matatun gudu da ake shafa wa mai suna shafe wayar sensar iska, ta riƙa ƙirga ƙasa. Da feshin da aka yi don sensar kaɗai ake wanke ta, ba fetur ba, ba feshin kafireto ba, kuma ba a taɓa wayar. A bar ta ta bushe kafin a mayar.

A injin tobo, bi bututun iska daga tobo zuwa intakula, mai sanyaya iskar, zuwa totur. Tsaga ƙarama ba ta buɗewa sai matsi ya taru, iskar da aka riga aka ƙirga ta tsere, mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi da fizga su biyo. Toshe bakin shiga, hura iska rabin bar zuwa bar ɗaya, fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kumfa zai nuna wurin. Motocin gwanjon Amurka da aka daki gabansu sukan zo da intakula mai tsaga a kusurwa wadda mai gyaran jiki bai lura da ita ba.

Idan silinda ɗaya ta nace

Wuta lafiya, nozul lafiya, misin na nan: auna matsi. Inji da ɗumi, fulogai duka a waje, fiyus ɗin famfon mai a cire, totur a buɗe, batir cike, a juya sau biyar ko shida kowace silinda. Yawanci za a ga bar 10 zuwa 14, amma abin dubawa shi ne bambanci: kada mafi ƙasa ta gaza mafi sama da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a wadda ta gaza ka sake. Ta tashi, zobe ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta sun faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Gwajin hura iska cikin silinda, fistin na sama bawuloli a rufe, ya fi faɗin gaskiya: yoyo ƙasa da kashi 10 lafiya, sama da 20 akwai aiki. Huci a bakin totur bawul ɗin shiga ne, a salansa na fita, a murfin baƙin mai zobe, kumfa a lagireto gaskit.

Motar da ta sha ruwan ambaliya ta mutu sannan aka tilasta ta tashi tana iya lanƙwasa sandar fistin kaɗan. Za ta yi tafiya, amma silindar za ta nuna matsi ƙasa ba tare da yoyo ba, domin fistin ba ya kaiwa sama. Wannan sai an buɗe inji, kuma ci gaba da taka ta na iya ƙarewa da sandar ta huda bulok.

Injinan fesa kai tsaye suna tara gawayi a bayan bawul ɗin shiga, tunda fetur ba ya wanke wurin. Misin ɗinsa ya fi yawa da sanyi, amma idan ya yi kauri yana hana silinda cika a taki. Ƙaramar kyamara ta bakin manifol za ta nuna. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin. Sai an cire manifol an kankare, bawul a rufe. Sifirin bawul da ya yi rauni ko ya karye kuma yana iya ba da misin a babban juyi, matsi na nuna lafiya, sai an buɗe murfi ake ganinsa.

Katalis da ya narke yana toshe numfashi: mota na tashi lafiya, ƙarfi na raguwa yayin da juyi ke hawa, misin ya kama ɓangare guda. Cire sensar hayaƙi ta gaba, jona geji a ramin. A juyi 2,500 kada ya wuce kusan bar 0.2. Fasa cikinsa a zubar, kamar yadda wasu ke yi a Kokompe, unguwar makanikai a Accra, yana barin fitila a kunne da hayaƙi mai guba, kuma bai taɓa abin da ya narkar da shi ba. A gyara misin ɗin tukuna, sannan a sa wani.

Ƙwaƙwalwa tana gane misin ne daga ɗan jinkirin da karanshaf ke yi idan silinda ba ta buga ba. Saboda haka filawil mai gida biyu da ya saki, ko sensar karanshaf da ta yi sako-sako, na iya haifar da P0300 alhali wuta na kamawa. Idan lambar ta fara fitowa bayan aikin kulochi ko sauya sensar, wasu injina, ciki har da na Chevrolet da Ford, suna buƙatar a sake koya wa ƙwaƙwalwa juyin karanshaf da sikana.

Bayan kowane gyara, goge lambobi da tsohon gyaran fetur da ƙwaƙwalwa ta haddace, koma kan tudun farko, giya ɗaya, juyi ɗaya, zafi ɗaya da na hoton da ka rubuta tun farko. Ƙirgen misin ya tsaya a sifili ko kusa da shi a kowace silinda. Idan motar ta daɗe tana misin kafin a kawo ta, shinshina sandar awon baƙin mai. Warin fetur na nufin ɗanyen mai ya gangara ya tsinka shi, sai a juye a sa sabo da sabuwar filta kafin a miƙa wa mai ita makulli.